Jiragen Kawu a Ƙunshin Doya

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya kwashe fiye da rabin rayuwarsa yana rubuta tarihin yaƙin da ba namu ba. Bai taɓa taka Indiya ba, bai taɓa taka Pakistan ba, jirgin sama ma ban jin ya taɓa shiga. Amma mutum ya kuskura ya tambaye shi yadda jiragen ƙasashen nan biyu suka yi ta kakkaɓo juna a yaƙin da suka gwabza gab da namu na basasa, to ya nemi kujera, don ranar tuwonsa sai ya huce. Mu yaran dangi mun gane haka tun muna ƙanana, shi ya sa ba ma tambaya.

Malamin tarihi ne a wata sakandare a nan Zariya, zamanin da ɗakin malamai ke cike da Indiyawa da 'yan Pakistan. A can ya haɗu da mutum biyun da suka jefa shi cikin wannan aiki. Ɗaya malamin lissafi ne ɗan Pakistan, mai ɗingishi, wanda a da matuƙin jirgin yaƙi ne. An harbi jirginsa ya diro da laima, ya karye a ƙugu, aka sallame shi daga soja. Ɗayan Ba'indiye ne mai koyar da kimiyya, ƙauyensu na bakin iyaka, jirgi ya taɓa faɗo musu. Kawu ya ce har ya yi zargin ko jirgin wannan ne ya faɗa wa ƙauyen wancan, ya bi ranakun ya ga ba haka ba ne, akwai kwanaki a tsakani. Su biyun tebur ɗaya suke shan shayi, amma ba sa ɗauko zancen da juna. Sai dai kowa ya ja kawu gefe ya amayar masa da nasa. Da suka koma ƙasashensu suka ci gaba da aiko masa da wasiƙu har tsufa ya hana su.

Abin da ya tara ke nan ya mayar da shi Hausa, da hannunsa, a manyan littattafan rubutu masu baƙin bango guda goma sha ɗaya. Ya haɗa da abin da ya karanto a ɗakin karatu na jami'a, da taswirori da jiragen da ya zana da jan biro da shuɗi. In aka tambaye shi me ya dame shi da faɗan wasu, amsarsa ba ta canzawa.

"Kowace ƙasa ta ƙirga jiragen da ta kakkaɓo, kowace ta ce ita ta yi nasara. Ba wanda ya ƙirga rufin da jiragen suka faɗo wa. Jirgin da aka harba ai ba narkewa yake a sama ba."

Sai ya ƙara da cewa mu ma nan muna da jiragen yaƙi, muna kuma da ƙauyuka, ya kamata a samu abin karantawa da harshen mutanen da ke ƙasa.

Ni kuwa shagon buga takardu gare ni a Samaru, daura da jami'a. Kwamfuta biyu, firinta, da injin fotokofi mai shaƙe takarda duk ranar da aka fi buƙatarsa. Lokacin da ƙasashen nan suka sake taɓa juna kwanan baya, samarin layinmu suka mai da abin ƙwallo. Wannan na Indiya, wancan na Pakistan, ana nuna wa juna bidiyon jirgi yana cin wuta a waya ana tafawa. Wasu bidiyon ma na wasan kwamfuta ne. Mai gyaran waya na kusa da ni, wanda ko Kaduna bai cika zuwa ba, ya rantse min ya san jirgi nawa aka kakkaɓo da hannun wa. Kawu ya ji irin wannan shirmen a harabar coci ranar Lahadi, ransa ya ɓaci. Ranar Litinin sai ga shi ya sauko daga napep tun daga Dogarawa, da littafi na ɗaya cikin leda a hammata.

"Lokaci ya yi," ya ce. "Ki buga min. Ɗaya-ɗaya zan riƙa kawowa, in kin gama in karɓa in kawo na gaba."

"Kawu, ka kawo su duka mana, ka huta da zirga-zirga."

"In bar miki su a shagon nan da ɗalibai ke ɗora lemo a kan komai? Na ƙi wayon."

Na buga na ɗaya, na buga na biyu. Ban yi zaton abin zai kama ni ba, sai ga shi ya kama ni. Na biyun labarin mai ɗingishin ne. Ya ce faɗan sama ba ya kai tsawon shan kofin shayi. A yi kwana da kwanaki ana zaune a gefen filin jirgi ana jira, sai a busa, a tashi, kafin a ce me an gama. Ya ce wanda ya harbe shi bai taɓa ganinsa ba, ta inda rana take ya ɓullo masa, wani ɗan ƙaramin jirgi ƙirar Ingila da ke da wuyar hangowa. Abin da ya fi tsaya min shi ne saukowarsa da laima. Yana lilo a iska yana kallon gonaki, bai san ko na ƙasarsa ba ne ko na abokan gaba, don gonakin iri ɗaya ne, shanun iri ɗaya, mutanen da suka yo kansa da sanduna da lauje ma yarensu ɗaya da na kakarsa. Sai da wani tsoho ya duba tambarin rigarsa ya ce a ajiye sanda, sannan ya san a gida ya faɗo. Akwai kuma zancen tankunan mai da matuƙa ke yarwa kafin a fara artabu don jirgi ya yi sauƙi. Mutanen ƙauye suka yi ta gudu suna zaton bama-bamai ne, daga baya suka yanke su suka yi wa dabbobi kwamin shan ruwa. Ina bugawa ina cewa a raina, ashe tsohon nan ba surutu kawai yake ba.

Sai lokacin furojet ya zo. Wanda ya san Samaru ya san abin da nake nufi. Ɗalibai 'yan ajin ƙarshe sun cika shagon har waje, kowa gobe zai miƙa, kowa malaminsa ya ce a canza masa shafi. A cikin wannan hayaniyar kawu ya shigo da littafi na uku. Ko ɗago kai sosai ban yi ba.

"Kawu, don Allah ka bari yaran nan su gama. Sati uku kawai. Ai yaƙin ba zai gudu ba."

Ya ɗan tsaya, ya mai da littafin cikin ledarsa, ya ce, "To, ba komai." Wata ɗaliba ta matsa masa ya wuce. Wannan ni na yi shi, ba wani ba, kuma na faɗe shi ne tun yanzu don kada a ce na wanke kaina na shafa wa wasu. Kafin sati ukun su cika kawu ya rasu, da hantsi, a kan kujerarsa, rediyo na kan cinyarsa.

A wajenmu ba a binne babba a ranar. Ana kai shi mutuware, ɗakin ajiye gawa na asibiti, a kira taron dangi, a sa rana, a fitar da anko, a gyara gida saboda baƙi. Matar kawu ta riga shi tafiya da daɗewa, don haka komai ya koma hannun ɗansa na fari, wanda ke aiki a Abuja. Taubashina ne, ɗan kawu da 'yar goggo. Tun muna yara ni in zage shi, shi ya zage ni, ba mai riƙewa, manya ma dariya suke yi.

Littattafan suna cikin raina tun ranar farko. Kullum in na je zaman makoki sai in kalli ƙofar ɗakin, in ce bari dai a kwana biyu. Kunya nake ji a ce gawa ko sanyi ba ta gama yi ba, 'yar ƙanwa ta fara tambayar kayan ɗaki. Na san bakin danginmu. Haka na yi ta jan ƙafa har kwana tara, biyu daga ciki ma ban je ba saboda shago.

Ranar da na koma, warin fenti ne ya tare ni tun daga ƙofar gida. Ɗakin kawu an shafe shi da fenti ruwan madara, an sa tayil, an rataya labule mai sheƙi. Kabad ɗin katakon da littattafan ke ciki babu shi. Teburinsa babu. Taubashina na tsaye a tsakar gida da waya biyu a hannu yana faɗa da mai kafa rumfunan kanofi.

"Ɗan kawu, ina littattafan?"

"Waɗanne?"

"Masu baƙin bango. Na cikin kabad."

"Au, tarkacen nan? Mun kwashe. Kin san abokan aikina za su zo daga Abuja, a ɗakin nan za a sauke su. Kin ga kyankyasan da suka fito daga kabad ɗin kuwa?"

"Kun kai su ina?"

Ya waiwaya ya tambayi matarsa. Ita kuma, ba tare da ta daina ƙirga kujerun roba ba, ta ce buhu ɗaya an ba mai doyar bakin layi, sauran 'yan jari-bola sun ɗauka shekaranjiya.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce masa an yi asarar haihuwa. Na ce ubanka na kwance a firij, ka zubar da shi a bola tun kafin ka binne shi. Na ce shekara arba'in mutumin nan yana rubutu a gabanka, ko sau ɗaya ba ka buɗe ka ga me ya rubuta ba, amma ka san kalar labulen da zai burge 'yan ofishinku. 

Sai ya kwashe da dariya.

"'Yar goggo ke nan. Wallahi bakinki bai mutu ba." Ya juya ga matan zumunta da ke gyaran shinkafa a gindin mangwaro. "Kun ji ta ko? Ko a makoki ba za ta bar ni in huta ba."

Su ma suka yi dariya. Wata ta ce taubasai dai ba sa girma. Wata ta ce gara da kika sa shi dariya, tun da ya zo bai sake ba. Na tsaya ina kallonsu. A duk duniya shi kaɗai ne mutumin da zan gaya wa magana mafi muni a bainar jama'a a ɗauka wasa nake, kuma shi ne ya yi min wannan aika-aika. Na fita ko sallama ban yi ba.

Mai doyar 'yar Kudu ce, ta tsufa a Sabon Gari, Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Tana soya doya da dankali da kifi daga safe zuwa la'asar. Na same ta ta riga ta ciccire bangon littattafan ta hura wuta da su, ta yanka shafukan biyu-biyu da wuƙa, ta jera a tire ta danne da dutse. A gabana ta ɗauki rabin shafi, rubutun kawu ɓaro-ɓaro a kai, ta zuba doya, ta barbaɗa yaji, ta miƙa wa wani soja daga barikin Basawa. Na riƙe hannunta.

Da na yi mata bayani sai ta dafe ƙirji. "Na Baba ne? Baba malam? Wayyo, ni ce min aka yi tsofaffin takardun makaranta ne. Kullum yana sayen doya a nan, ya ce kar in sa masa yaji." Ita kaɗai ce a duk wannan lamari ta ji kunya, ita da ba ta da laifin komai. Ta tattara min abin da ya rage a tiren da na ƙasan buhu. Sojan ma ya juye doyarsa a leda ya miƙo min takardar, mai ya riga ya huda ta.

Sauran na bi layi ina tsinta. Ni da girmana, da zanen fita, na duƙa a bakin kwata ina zaro takarda da tsinke. Wata an goge hannu da ita an dunƙule. Wata an tofa mata ƙayar kifi. Wata kuma akuya ta cinye rabinta. Taswirar da ya zana da jan biro, ta filin jirgin da aka kai wa hari da asuba, na same ta manne a ƙasan takalmin wani mai facin taya, na roƙe shi ya ɗaga ƙafa.

Kwana biyu na rufe shago ina yawo a kasuwar Sabon Gari, wajen masu sayen tsofaffin takardu a kan sikeli suna sayar wa masu gyaɗa da masu tsire. Suka bar ni na tona tsibi-tsibi na jaridu da takardun jarrabawa, suna kallona kamar wadda ta zautu. A ƙarshe wani dattijo a cikinsu ya tausaya min ya ce, "Baiwar Allah, kayan kwanakin nan an loda su. In ba su shiga hannun masu tsire ba, to sun tafi inda ake jiƙa su a dama a yi kiret ɗin ƙwai. Ki haƙura."

Na baje abin da na samu a ƙasan shagona. Rabi-rabin shafuka ne, yawanci daga littafi na shida da na tara, ba wanda ke bin wani. Na uku, wanda na mayar da kawu da shi, ko layi ɗaya ban gani ba. A cikin na taran ne na ci karo da labarin Ba'indiyen, wanda kawu ya sha ce min shi ne zuciyar aikin. Rabin shafin na sama ne. Ya ce da safe ne, mahaifiyarsa na shanyar wanki, jirgin ya shigo ta kan gonar rake yana hayaƙi, ba ƙara ko kaɗan, don injinsa ya mutu kuma matuƙin ya riga ya fice. Ya ce ya wuce kansu ƙasa-ƙasa har ana ganin ƙusoshin cikinsa, ya faɗa kan gidan maƙwabcinsu masaƙi. Layin ƙarshe kafin inda wuƙa ta bi ya ce, "a cikin gidan a lokacin akwai..." Shi ke nan. Na juya tarin nan ya fi sau goma ina neman rabin ƙasan. Ban san su wa ke cikin gidan ba, kuma duk waɗanda za su iya gaya min sun mutu.

Saura kwana biyar jana'iza taubashina ya faka mota a ƙofar shagona. Aiki ya kawo. Takardar tsarin sujada, da bangon jota, ƙananan littattafan rubutun da za a raba wa baƙi tare da bokitai da faranti. Ya turo min hotuna biyu a waya, kawu cikin kwat ranar da ya yi ritaya, da wani jirgin yaƙi mai walƙiya da ya samo a intanet.

"Ki sa jirgin a bayansa, kamar yana tashi ta kafaɗarsa. A ƙasa ki rubuta, Uba, Malami, Marubucin Tarihin Yaƙin Sama. Mutane su san Baba ba ƙaramin mutum ba ne."

Na kalli jirgin. Littafi biyu kawai na buga, amma sun ishe ni in gane.

"Wannan ba na Indiya ba ne, ba na Pakistan ba ne. Lokacin yaƙin ma ba a ƙera shi ba."

"Jirgi ai jirgi ne, 'yar goggo. Wa zai duba?"

Na nuna masa takardun da ke shanye a ƙasa, masu tabon mai da yaji. Ya leƙa daga inda yake tsaye, ya toshe hanci da 'yar dariya. "Kai, har yanzu kina nan? Ke dai akwai naci."

Na ce ba zan yi ba, ya kai wani shagon. Da yamma mahaifiyata ta kira ni. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta ce ɗan'uwanta ne guda ɗaya, kada a ce 'yarta na da shagon buga takardu aka kai aikin jana'izarsa waje, in rufa mata asiri. Na zauna na yanko hoton kawu, na ɗora shi a gaban jirgin, na gyara hasken. Da yatsuna na buga kalmar marubuci, har na ƙara mata kauri don ta fito.

Jana'iza ta yi kyau, kowa ya faɗa. Kanofi har bakin titi, anko ruwan toka da fari, 'yan Abuja sun sha sanyin fanka a ɗaki mai sabon fenti. Bayan an dawo daga maƙabarta aka ba taubashina makirfo. Ya yi magana a kan haƙurin kawu da tsoron Allahnsa, duk gaskiya ne. Sannan ya sassauta murya, ya ce mahaifinsa ya bar wa duniya littattafai goma sha ɗaya a kan yaƙin jiragen Indiya da Pakistan, aikin da ba wani Bahaushe da ya taɓa yin irinsa, kuma iyali za su tabbatar wannan aiki bai tafi a banza ba. Ya share ido da hankici. Aka tafa, fasto ya gyaɗa kai. Matan nan da ke gindin mangwaro ranar da na yi masa tas, waɗanda suka ji da kunnensu inda littattafan suka tafi, su suka fi kowa tafi.

Da aka fara rabon kaya wuri ya hargitse. Manyan mata da ɗankwali suna fizgar jota daga hannun juna, wata ta cusa uku a jaka tana rantsuwa ba a ba ta ba. Ina zaune kusa da mahaifiyata ban motsa ba. Sai ga taubashina ya ratso mutane ya nufo ni, fuskarsa a sake, da gaske alheri yake ganin zai yi min.

"'Yar goggo, ke da kike son takardun Baba, na ɓoye miki guda biyu."

Ya ɗora min su a cinya. Na san abin da ke ciki, ni na kai su wajen masu ɗinke littattafai, amma sai da na buɗe ta sama na bi ta shafi-shafi har bangon baya, fararen layuka ba ko ɗigo. Yana tsaye yana jira. Mahaifiyata ta taɓa ni da gwiwar hannu, ta ce a hankali, mutane na kallo.

Na ce masa na gode.